Kafintan da Ya Ƙware a Mutuwa

A sashen wasan kwaikwayo na jami'ar, in ka shigo kana tambayar kafinta sai a tsaya ana kallonka, amma in ka ce Marigayi, ko ɗalibin da ya zo jiya zai nuna maka ƙofarsa. Tana bayan babban zauren wasanni, ƙarƙashin matakala. Ɗaki ne mai warin gam da garin katako, karyayyun kujeru sun cinye rabinsa. A nan za ka same shi, fensir a bayan kunne, ƙusoshi a baki, lafiyarsa garau. Ɗalibai su leƙo su ce, "Marigayi, an tashi lafiya?" Shi kuma ya zare ƙusoshin ya ce, "Lafiya lau, 'ya'yana. Ya haƙurin rashina?"

Aikin da aka ɗauke shi ya yi daban ne. Shi ke ƙera ƙofofin da ba sa kai mutum ko'ina, da bangon falanki da yadi, da gadon sarautar da in ka leƙa bayansa za ka ga ƙafafun tsohon teburi ne. In makon fasaha ya zo kuma, 'yan sashen zane su yi masa layi da hotunansu ya buga musu firam. Mutuwa kuwa tsintarta ya yi. A shekarunsa na farko ana gwajin wani wasa da ke buƙatar gawa, ɗalibin da aka ba wa aikin ya kasa. An ce ya kwanta ya yi shiru, cikinsa na hawa da sauka kamar zugazugin maƙeri, da an fara kuka a kansa sai dariya ta ƙwace masa. Malamin da ke koyarwa a lokacin ya gaji, ya zagaya bayan labule don ya huce, sai ya tarar da kafinta ya ci ya ƙoshi ya miƙe a kan falanki, ko yatsarsa ba ta motsi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kira ɗalibai ya ce su zo su ga yadda ake yi.

Daga ranar bai ƙara hutawa ba. Ya mutu da guba, ya mutu da takobin katakon da shi ya sassaƙa, ya mutu da yunwa, ya mutu da baƙin cikin 'ya'ya. Ya mutu yana sarki, ya mutu yana ɓarawo, akwai shekarar da aka ɗaura masa ɗankwali ya mutu yana tsohuwa. Kuma kada wani ya ce ai kwanciya ce kawai. Marigayi zai zaunar da kai ya yi maka bayani har ka gaji. Ranar wasa ba ya shan shayi, don ciki yana da surutu. Numfashi da bayan haƙarƙari ake yinsa, inda ɗan kallo ba ya gani. Ƙuda in ya sauka a hanci baƙo ne, sai ya ga dama zai tashi. An taɓa taka masa yatsa da takalmi mai tsini, an taɓa zuba masa ruwan fure a kunne, bangon da ya kafa da hannunsa ya taɓa rikitowa a kansa ana tsakiyar wasa. Ko gezau. Bayan an rufe labule ne ya tashi ya wanke ɗaliban tas, ya ce su suka jingina da bangon.

"Ban taɓa motsi ba," haka yake cewa, yana buga ƙirji da bayan guduma. Gaskiya ne kuma, bai taɓa ba. Magana ce dai bai ce bai taɓa yi ba.

Don Marigayi yana da wata muguwar baiwa: yana iya raɗa ba tare da leɓensa ya motsa ba. Yarinya za ta durƙusa a kansa ta kwantar da kai a ƙirjinsa tana rusa kuka, zaure ya yi tsit, sai ta ji murya daga can ƙasa: "'Yata, albasar nan ɗanya kika ci?" Kafaɗunta su kama rawa, ta cusa fuska cikin ƙyallen da aka rufa masa, hawaye na gaske su zubo mata saboda dariyar da take dannewa. 'Yan kallo kuwa su ce kai, yarinyar nan ta iya. Wani saurayi yana tsaka da cewa, "Baba, wa ka bar mu da shi?" sai gawa ta ce masa, "Da wanda ya ari zartona bai dawo da shi ba." Bayan wasa kuma ya raba musu sakamako tun kafin malamai su raba. A wurinsa kuka iri-iri ne: akwai na maƙogwaro, akwai na hanci, akwai na neman maki, wanda shi ne ya fi yawa a jami'a. Ya ce wanda ke kwance ido rufe ya fi kowa jin inda ƙarya take.

Malamin da ya gaji sashen daga baya, wanda ɗalibai ke kira Dakta A-sake saboda ba ya ganin abu ya ce ya yi, ya san da wannan tsiyar sarai. Sau da yawa yakan laɓe kusa da gadon da aka kwantar da shi ya kasa kunne, amma bai taɓa kama shi ba. In ya tambaya, Marigayi ya buɗe hannu ya ce, "Dakta, ni da na mutu?"

'Yan sashen zane ma ba su bar shi ba. Sun gano babu mai zama musu shiru kamarsa, don haka duk shekara sai an zana shi, masu sassaƙa kuma har sun taɓa shafa masa farar ƙasa a fuska suka ciri siffarta. In an yi baje kolin makon fasaha, ka bi barandar zauren, za ka ga fuskarsa nan da can, da gawayi, da fenti, da yumɓu. A cikinsu duka babu inda idonsa yake buɗe.

Mutum ɗaya ce duk wannan bai taɓa burge ta ba, ita ce matarsa. Suna zaune a gidajen ƙananan ma'aikata, ciki da falo, da keken ɗinkinta a bakin taga. Mace ce mai fara'a da son hira, amma kada ka kuskura ka kawo mata sunan nan. Wasu sababbin ɗalibai sun taɓa yin sallama suka ce, "Mama, Marigayi yana ciki?" Da tsintsiya ta raka su har bakin titi. Farin ƙyallen da ake rufa masa kuwa ta ce ba a gidanta ba, sai dai ya wanke abinsa a famfon bayan zaure ya shanya a can. Shekara da shekaru yana kawo mata tikiti, tana sa shi ƙarƙashin ƙafar keken don ya daina girgiɗi.

"Uwar yara, wasa ne fa," yakan ce. "Manyan mutane ke zuwa. Shugaban jami'a da kansa ya taɓa cewa bai ga gawa irina ba."

"Allah ya ba shi wata," in ji ta, ba ta ko ɗaga kai daga ɗinkin ba. "Ranar da zan gan ka a miƙe tana nan zuwa, Malam. Ba sai na karɓi tikiti ba."

Sai ya yi dariya ya ce ta cika tsoro. Amma abin yana cin sa, kuma ya daɗe yana cin sa. Ya ji tafi iri-iri yana kwance, ya ji zaure ya cika har ana rigima a ƙofa, amma matar da ya fi so ta ce masa sannu da aiki ba ta taɓa ganin ko labulen ba. Yara sun girma sun watse, saura su biyu. Yana so, ko sau ɗaya, ya dawo gida ta ce masa, "Ashe haka kake."

Da shekarar ritayarsa ta zo, sai ya wanke hannu ya cire fensir daga kunne ya hau bene ofishin Dakta A-sake.

"Dakta, alfarma na zo nema."

"In katako ne, babu."

"Ba katako ba ne. Rai nake so."

Dakta ya sauke tabarau. Marigayi ya yi masa bayani: wasan 'yan ajin ƙarshe na bana shi ne nasa na ƙarshe, yana so a ba shi fitowa a tsaye, da ƙafafunsa, ya buɗe baki ya faɗi ko da kalma biyu ce jama'a su ji. Yana so ya kawo iyalinsa.

"To wa zai mutu?" in ji Dakta.

"Ga yara nan cike da sashe. Su ma su koya, ai ba a kaina aka ƙare ba."

Dakta ya yi ta jan gemu, amma daga ƙarshe ya yarda. Wasan na wani attajiri ne da ya mutu, iyalinsa suka kama rigimar dukiya tun gawarsa tana kan gado. Akwai mai gadi a ciki, wanda zai shigo ana tsakiyar kuka ya ce, "Baƙi sun iso, suna ƙofa," ya juya ya fita. Shi ke nan aikinsa. Marigayi ya sauko bene kamar an naɗa shi sarauta.

Makonnin da suka biyo baya babu wanda bai ji labarin baƙin nan ba. Yana fere katako yana sanar da shi sun iso. Ya faɗa da fushi, ya faɗa da ladabi, ya faɗa da muryar mai karanta labarai. Ya gwada ƙara "wallahi" a gaba, Dakta ya ce a sake. Ya gwada ƙara cewa baƙin sun gaji kuma da alama ba su ci abinci ba, Dakta ya ce in ya ƙara ko tari ne zai mayar da shi kan gado. A gida kuwa ya shigo da yamma ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara murya.

"Baƙi sun iso, suna ƙofa."

Matarsa ta yi wuf ta ɗauki mayafi ta leƙa waje, ba ta ga kowa ba. Da ya gama dariya ya gaya mata komai, ta zauna ta dube shi da kyau.

"A tsaye?"

"A tsaye."

"Ido buɗe?"

"Har da magana. Da hula ma."

"Ba za a kashe ka a tsakiya ba? Na san halin mutanen nan."

"Mai gadi ne, uwar yara. Ya shigo ya fita. Ko mura ba ta kama shi."

Ta ci gaba da taka keke. Can ta ce, "To, zan zo." Washegari ya ga ta fito da wani yadi da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati, ta shimfiɗa tana aunawa a jikinta. Ya yi kamar bai gani ba, amma ranar har maƙwabta sun ji yana waƙa a wurin wanka.

Matsala ɗaya ce, sabuwar gawa. An zaɓi wani ɗalibi da ake kira Dogo, aka ce Marigayi ya koya masa. Yaron kirki ne, amma Allah bai yi shi don mutuwa ba. In ya riƙe numfashi sai fuskarsa ta kumbura, in ya saki sai ƙyalle ya tashi. Idonsa na rawa a ƙarƙashin fata, yatsun ƙafarsa na bin kiɗa. Marigayi yakan tsaya a gefen dandamali da hularsa ta mai gadi yana kallo, ransa na ƙuna. "Dogo, mutuwa aka ce ka yi, ba jiran mota ba." Dogo ya ce to, Baba, ya sake kwanciya, ya sosa gwiwa.

Ranar wasa, tun rana ba ta yi sanyi ba matarsa ta iso cikin sabon ɗinki, tana ƙamshi, jaka a hammata. Ya tare ta a ƙofa ya bi da ita ta barandar baje koli. Ta tsaya gaban wani ƙaton allo da aka watsa wa ja da shuɗi, ta tambaye shi a hankali ko fenti ne ya zube musu. Ya ce a'a, sunansa ma "Tunanin Ɗan Adam". Ta ce Allah ya ba mai tunanin lafiya. Ta yaba wani doki da aka haɗa da tsofaffin cokula, ta ce amma an yi ɓarnar cokali. Da suka zo kan fuskarsa ta farar ƙasa, ido rufe a kan wani ɗan teburi, sai hirar ta tsaya. Ta kau da kai ta ƙara sauri. Ya kai ta layin gaba, kujerar tsakiya, wadda tun da safe ya ƙara mata ƙusa ya ɗaure mata ƙafa. Ya ce ta zuba ido, bayan an fara kuka kaɗan zai shigo ta hagu.

Ya koma bayan labule ya tarar da tashin hankali. Mura ta kama Dogo. Yana zaune a bakin gado, ido jawur, hanci na zuba, yana jera atishawa kamar ana biyansa. An ba shi magani, an ba shi ruwan zafi, an kwantar da shi an rufa don a gwada, ƙyallen ya yi sama.

Dakta A-sake ya zo ya tsaya gaban Marigayi, ya cire tabarau yana gogewa.

"A'a, Dakta," in ji Marigayi.

"Ban ce komai ba."

"Na ji abin da ba ka ce ba. Matata tana layin gaba."

"Malaman da za su ba yaran nan maki ma suna layin gaba. Daga wata jami'a aka gayyato su."

Sai ga ɗalibar da za ta fito a matar mamaci, wadda ake kira Gwaggo don kullum ita ake ba wa tsohuwa. Ta durƙusa har ƙasa. "Baba, ka rufa min asiri. Wannan fitowar ita ce jarrabawata. In ya yi min atishawa a fuska ina cikin kuka, na shiga uku."

Marigayi ya ce shi fa ya yi alkawari. Ya matsa ya ɗan ɗaga gefen labule don ya nuna musu matar da ya yi wa alkawarin. A nan ne abin ya same shi. Shekarunsa nawa a zauren nan, bai taɓa buɗe ido ya gan shi cike ba. Kawuna ne tun daga gaba har can saman bene, wasu a tsaye jikin bango, duk sun fuskanto wuri ɗaya.  Ya nemi maganar baƙin nan a kansa, ya ji wayam, ko su wane ne suka iso ya manta. In za a faɗi gaskiya, tausayin Gwaggo yana ciki, takaicin ganin an ɓata sana'arsa ma yana ciki, amma tsoro ya fi su yawa.

Dakta, da yake tsohon hannu ne, ya ga ƙofa ta buɗe. "Ka ga, sai mu rufe maka fuska, ba wanda zai san kai ne. Dogo ya yi mai gadi, atishawa ba ta hana gadi. In an gama, ni da kaina zan riƙo hannunka in fito da kai gaban jama'a, a tsaye, ka yi jawabin bankwana. Kalma biyu ka roƙa, ga shi zan ba ka ɗari."

Marigayi ya juya maganar ya ga ta yi daidai ta kowane gefe. Za ta gan shi a tsaye, za ta ji muryarsa, gawa kuwa ai gawar kowa ce tunda an rufe. Ya miƙa wa Dogo hula, ya tuɓe takalma, ya hau gado ya miƙe, jikinsa ya koma inda ya saba. Gwaggo ta ja ƙyallen ta rufe masa fuska.

Abin da babu wanda ya tuna shi ne, ƙyallen nan an yanka shi ne daga ƙirji zuwa ƙafa, don duk tsawon shekarun nan fuskarsa a buɗe ake bari. Da aka ja shi sama, sai ƙasa ta yaye.

Labule ya buɗe. Ya ji zafin fitilu ta cikin yadi, ya ji zaure ya lafa. 'Ya'yan attajiri suka shigo suna salati suna satar kallon makullan da ke rataye, jama'a suka yi dariya inda ya kamata. Gwaggo ta shigo ta zube a kansa ta saki kuka, kuma ba laifi, na maƙogwaro ne amma ta gyara shi. Marigayi ya ji daɗi ya dawo masa. Har ya shirya abin da zai raɗa mata, kan cewa ta bar masa haƙarƙari ɗaya ya tafi da shi.

Sai ya ji wani sauti daga layin gaba.

Ba kuka ba ne irin wanda ya saba aunawa. Ƙarami ne ƙwarai, kamar na wanda ya sunkuya zai ɗauki kaya ya ji sun fi ƙarfinsa. Numfashi ya shiga, ya tsaya, ya ƙi fita. Sannan a hankali aka ce, "A'a." Ba da ƙarfi ba, ba don kowa ya ji ba. A lokacin ne ya ji iskar fanka tana taɓa masa tafin ƙafa, ya gane abin da ya faru. Ƙafafun nan ita ke shafa musu man zafi duk yamma. Ta san farcen da guduma ta baƙanta, ta san kaushin dunduniya, ta san yatsar da ta hau kan 'yar'uwarta. Ko cikin ƙafa dubu aka jera su za ta nuna.

Ya ce a ransa, ai ta san wasa ne. Kuma ta sani ɗin, ba yarinya ba ce. Ba ta tashi ba, ba ta yi ihu ba, ba ta ba shi kunya a gaban mutane ba. Tana zaune a kujerar da ya gyara mata, cikin sabon ɗinkinta, tana kallon abin da ta yi shekaru tana gudun gani, tana ƙoƙarin haɗiye shi ita kaɗai. Yana jin yadda take danne numfashin, yana fita guntu-guntu. Sau ɗaya ya taɓa jin ta haka, shekarar da suka rasa ɗansu na fari.

Gwaggo tana ta yi a kansa, ba ta san komai ba. Saura kaɗan ta gama, saura kaɗan Dogo ya shigo. Ya ce bari ya daure, ya daure wa tsinin takalmi, ya daure wa bango. Ga makin yarinya, ga baƙin malamai, ga sunan da ya gina na wanda bai taɓa motsi ba, yau ce ranar rufe shi. Ya ƙidaya numfashinsa yadda ya saba. Daga layin gaba aka sake jan wani numfashin, wannan karon da rawa a ciki.

Marigayi ya yaye ƙyalle ya tashi zaune.

Gwaggo ta yi baya ta faɗi zaune, kukan ya yanke. 'Ya'yan attajiri suka watse, ɗaya har da tsallake teburi. Dogo, da ya ga an yi shiru ya ɗauka lokacinsa ne, ya shigo ya yi atishawa ya tsaya baki buɗe. Zaure ya ɗauki wani irin gunji, rabi tsoro rabi dariya. Marigayi bai ga ko ɗaya ba. Fitilu sun kashe masa ido, ya sa hannu ya kare, yana laluben layin gaba har ya same ta, gefen mayafi a baki, fuska jiƙe.

"Uwar yara," ya ce, muryarsa ta kai har saman bene ba tare da ya nema ba. "Ga ni. Lafiyata ƙalau."

Dariya ta fashe, tafi ya biyo baya, wasu suna ɗauka haka aka tsara. Ɗaya daga baƙin malaman har yana gyaɗa kai yana rubutu. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ta goge fuska da kyau, ta ɗauki jakarta ta miƙe.

"To sauko mu tafi gida."

Ya dubi gefen labule. Dakta yana tsaye, ya dafe kai da hannu biyu. Ya dubi Gwaggo, ya ce mata a hankali, wannan karon da leɓensa, "Yi haƙuri, 'yata. Ce musu suma na yi, ki ci gaba daga nan, kin iya." Sannan ya sauko ta matakalar gaba, ƙyallen a kafaɗa. Suna bi ta tsakiyar kujeru ya ji muryar Gwaggo ta tashi a bayansu, tana yi wa 'ya'yan attajiri tas a kan rabon dukiyar mutumin da ko mutuwa bai gama ba. Zaure ya sake kecewa.

A waje rana ta yi sanyi, baranda ba kowa sai hotuna. Tana gaba yana biye, ba takalmi, tsakuwa na sukarsa. Ya buɗe baki zai yi bayanin mura da maki da baƙin malamai, ya ga bayanta kawai, ya rufe. Sai da suka wuce ɗakin karatu ta rage sauri har ya iso gefenta.

"Ka yi min ƙarya, Malam."

"Na yi."

"Ka kuwa iya," ta ce, ba ta dube shi ba. "Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ka iya ƙwarai."

Maganar da ya yi shekaru yana jira ke nan, ga ta ta zo, kuma bai ji daɗinta ko kaɗan ba. 

Suka ƙara 'yar tafiya. Sai ta tsaya, ta zare ƙyallen daga kafaɗarsa, ta ninke shi gida huɗu, ta ajiye a kan wani benci a gefen hanya.

"Ni zan riga ka," ta ce. "Na gani yau, ba zan iya ba. Ka ji na gaya maka."

"Uwar yara, wannan ai ba a hannunmu—"

"Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

Ta dubi ƙafafunsa da suka yi futu-futu da ƙura, ta yi tsaki, ta ce ya bi ta gefen ciyawa kada ya taka kwalba. Ya koma gefen ciyawa, suka ci gaba da tafiya.